Yadda Za Ka Tayar da Motar Sojan Kawunka Ba Tare da Ka Iya Riƙe Sifana Ba

Kai da tsohuwar motar soja ke kwance a bayan gidanka, kaji na ƙwai a kujerar direba, dangi na yi maka kallon malalaci, matso kusa. Matakai takwas ne kacal. Ka bi su yadda na bi su, na rantse maka motar nan sai ta tashi, ko da ba ka san inda ake zuba mata ruwa ba. Ni ne shaida. Sunana Kwadwo Asumadu, takalman gwanjo nake sayarwa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, har gobe in ka miƙo mini sifana sai na tambaye ka ta wane gefe ake kamawa. Amma motar kawuna ta yi mil arba'in da ƙafarta, kuma ni ne a kan sitiyari.

Mataki na ɗaya: Samu kawu mai taurin kai

Irin wannan mota ba sayenta ake yi ba, gadonta ake yi, kuma tun mai ita na da rai take fara cin ka. Nawa kawun, Kawu Amoateng, wan mahaifiyata ne, tsohon direban soja. Da ya ajiye kaki sai ya saye motar da ya tuƙa a gwanjon bariki, ya shekara ashirin yana jigilar buhunan koko da ita. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya taho Kumasi a cikinta don a duba masa ido. Ta kawo shi ƙofar gidana, ta yi tari sau biyu, ta mutu. Ido bai gyaru ba, mota ma haka.

Na ce, "Kawu, in kama maka motar haya ka koma gida mana."

Ya ce, "A cikinta na bar Adankrom, a cikinta zan koma. Ko a gaba ina zaune, ko a baya ina kwance. Kai za ka zaɓa mini, ɗan ƙanwata."

Ka san mu a al'adarmu ɗan 'yar'uwa mace ne ke gadon kawu, don haka babu wanda za ka tura wa. 'Ya'yansa na cikinsa suna can Accra suna shan iska, kai ne da mota, kai ne da tsoho.

Mataki na biyu: Nuna kana aiki

Wannan matakin shi ya fi daɗi, ni shekara goma na yi a kansa. Sayi rigar kanikawa ta gwanjo, wadda ta riga ta sha baƙin mai. Duk Lahadi bayan an taso coci ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, ka shige da ƙaramar rediyonka, ka rage murya, ka saurari ƙwallo. Lokaci-lokaci ka ƙwanƙwasa wani ƙarfe ka yi tsaki, don tsoho ba ya gani, ji yake yi.

Sai dai ka kula da abin da kake bugawa. Wata rana ina tsaka da aiki na ji muryarsa daga baranda: "Kwadwo, wannan da kake duka tun ɗazu tankin mai ne. Me ya yi maka?"

Matata Abenaa kuwa ba ta taɓa barin ta wuce ba. "Sannu da aiki, Masta. In kawo maka matashin kai, ko har an kusa tashi daga wasan?" Kada ka tanka mata. Mace ba ta san wahalar kanikanci ba.

Za ka gane matakin ya ƙare ranar da tsoho ya ture kwanon fufu bai kai rabi ba, mutumin da a da sai an ɓoye masa tukunya. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Da safe na fito na tarar da Abenaa a bayan mota da igiyar awon tela, Kawu na tsaye a ƙasa yana dogara sanda.

"Me kuke aunawa?"

"Ina so in ji ko akwati da makaɗa za su shiga lokaci guda," in ji shi. "Kada ka wahala da sawu biyu."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron. A ranar ban buɗe rumfa ba, janwe na tafi nema.

Mataki na uku: Kai ta Magazin, ka bar mai ita a gida

A Magazin ta Suame, unguwar kanikawan Kumasi, babu abin da ba a tayarwa sai mutum. Amma akwai doka: masta ba ya son mai mota da ya san mota. In ka je da tsohon da ya kwana a ƙarƙashinta tun ba a haifi masta ba, to ka sayi rigima. Ka ce masa ƙura ce da hayaƙi, likita ya hana.

Janwe na jan ta, kaji na watsewa, Kawu ya kamo rigata. "Ka gaya wa mai wuta, ja ne ke zuwa jiki. Ka ji? Ja ne ke zuwa jiki."

Ka ce "To, Kawu," ka manta. Tsofaffi haka suke, yau su ce ja, gobe su ce wani marigayi ya gaishe ka.

Mataki na huɗu: Fara da abin da ido ke gani

Kada ka taɓa wuta tukuna. Wuta ba ta fita a hoto. Gyara bodi, don ka samu abin tura wa 'yan Accra su yi shiru.

Nawa fanabitan Masta Gyamfi ne, mutumin da guduma ta kurmantar, sai ka yi ihu yake ji, shi ma ihu yake maido maka. Ya zagaya motar, ya soka yatsa a ƙofa, yatsa ya leƙo ta ciki.

"Wannan ba mota ba ce, tsatsa ce ta yi taro!"

"Za ta gyaru, Masta?"

"Wa ya ce ba za ta gyaru ba? Tambayar banza!"

In ka ga kayan da yake faci da su, kau da kai. Ƙasan motar Kawu yau rabin ganga ne da aka buɗe aka daddale. Murfin injin akwai ƙofar firji a ciki. Gefen hagu allon wani shagon aski ne, in rana ta haska da kyau har yanzu kana iya hango kawuna uku ta ƙarƙashin fenti. Duk inda ya lotsa Masta Gyamfi ya buge ya cike ya goge, har ƙofar hagu ta yi sumul.

Fenti kuwa koren soja, babu ja-in-ja. Sai dai mai fenti ba zai saki mota ta fita tsirara ba, dole a rubuta mata kirari a goshi. Na ce ya rubuta abin da zai kare mutuncina. Ya dube ni, ya dubi motar, ya rubuta: SANNU BA TA HANA ZUWA. Duk garejin suka yi dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Mataki na biyar: Miƙa wuta ga masta, ka kama bakinka

Masta Oduro shi ne mai wuta. Gilashinsa ɗaure da waya, aljihunsa cike da ƙananan ƙwayayen fitila, shekararsa talatin a Magazin ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba." Ya buɗe gaban motar, ɓeraye suka fito da iyalansu. Wayoyin duk irin na da ne, masu rigar zare, sun zama launi guda. Ya fizge su gaba ɗaya ya jefar, kwana huɗu yana saƙa sababbi. Gaskiya aikin ya yi kyau.

Ya kawo batir ya haɗa yadda ake haɗa kowace motar Allah, baƙar waya zuwa jikin mota. Aka murza. Ta yi gurnani, ta yi atishawa, ta kama! Masu walda suka ajiye aiki suka taho, mai sayar da dafaffen ƙwai ta rangaɗa guɗa. Ni har na fara tsara yadda zan ba da labari.

Sai allurar caji ta karkata baya. Sai wari. Sai hayaƙi ya turnuƙe daga akwatin caji.

"Masta, lafiya?"

"Tsohon hayaƙi ne, tun na Turawa. Bari ya gama fita."

Ya gama fita, akwatin ya gama ƙonewa. Aka nemo na biyu, shi ma ko minti biyar bai yi ba. A nan maganar Kawu za ta faɗo maka. Shawarata ka haɗiye ta. Ni ban haɗiye ba, na ce a hankali, "Masta, kawuna ya ce wai ja ne ke zuwa jiki."

Ya zare gilashi. "Kawunka masta ne?"

"A'a."

"Yana gani?"

"A'a."

"To."

Ba a gyara wa masta magana a rumfarsa, ko da rumfar ce ke ci da wuta. Hukuncin da ya yanke shi ne motar ta ɗauki sojoji da yawa da ba su dawo ba, kuma babu wanda ya taɓa ba su abin sha. Na sayo kwalbar barasa, aka tsiyaya wa taya huɗu, aka kira mamatan da girmamawa, abin da ya rage kuma masu walda suka taya su shanyewa. Akwatin caji na uku kuwa sai da muka yi kwana tara muna nema. A wurin wani tsoho muka same shi, yana tokare ƙofa da shi, ya kuma rantse daga nan har Tamale babu wani. In wannan ya ƙone, magana ta ƙare. Duk da haka na yi shiru, don na fi tsoron Masta Oduro da ke gabana a kan Kawu da ke gida.

Mataki na shida: Bari matarka ta ci amanarka

Wannan ba kai za ka shirya ba, da kansa yake zuwa. Masta ya ɗaura akwatin ƙarshe, ya ɗauki wayar batir, sai ga tasi ta tsaya. Abenaa ta fito da kwanon abinci a hannu ɗaya, Kawu a ɗaya hannun.

"Abenaa! Ba na ce..."

"Ka ce. Ga abincinka, Masta."

Kawu bai kula ni ba. Ya gaisa da kowa daga dama zuwa hagu kamar yadda ya kamata, sannan ya miƙa hannu ya taɓa motar. Ya bi ta da tafin hannu tun daga goshi, yana magana ƙasa-ƙasa, ban ji me yake ce mata ba. Da ya iso ƙofar hagu sai ya tsaya cak.

"Ina lotsawar Kongo?"

Masta Gyamfi ya yi ihu, "Na gyara ta, Baba Soja! Kyauta ma!"

"Gyara? Dutsen da ya yi wannan lotsawar a yaƙin Kongo kaina aka nufa da shi. Shekara hamsin ina gaishe ta. Mayar mini da abata."

Sai da Masta Gyamfi ya ɗauki guduma, ya rufe ido, ya narka wa aikinsa na kwana biyu. Kawu ya shafa, ya ce a ƙara kaɗan ta sama.

Daga nan ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. Na san ya ji ƙaurin, na san ya ƙirga akwati biyu. Na jira ya tsige Masta Oduro a gaban jama'a. Sai ya ce, "Masta, ɗana, ido ya tafi. Kama hannuna ka kai ni kan batir, in ji yadda kuke yi a zamanin nan."

Masta ya kai hannunsa. Kawu ya laluba, ya kama jar wayar, ya ɗaure ta a jikin mota, ya mayar da baƙar ɗaya gefen. Irin motocin Ingila na wancan zamani haka aka ƙera su, a juye, ashe duk Magazin babu wanda ya kai shekarun sanin haka.

"Abin da kake shirin yi ke nan, ko Masta?"

Masta Oduro ya gyara gilashi. "Shi ne fa, Baba Soja. Riga ni kawai ka yi."

Aka murza, ta kama, allura ta miƙe gaba, babu hayaƙi. Kawu ya jingina goshinsa da ƙofa yana sauraron injin, hawaye na bin kumatunsa, bai share ba. Ni ma na juya baya na ce ƙura ce.

Abu ɗaya ya rage: muddin injin na aiki, fitilun gaba ba sa mutuwa. Na yi wa Masta magana, ya ce motar soja ba ta rufe ido. Karɓi wannan amsa, ba za ka samu wadda ta fi ta ba.

Mataki na bakwai: Kada ka faɗa wa kowa kuna tafe

Na so in ba uwata mamaki. Eno Pokua, ƙanwar Kawu, shekara goma sha ɗaya ba ta sa wanta a ido ba, don ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, shi kuma rantsuwa ta hana shi. Duk wayar da za ta yi mini da magana ɗaya take rufewa: "Kwadwo, in ka kawo mini Yaya a akwati, ka haɗo da naka." Don haka na yi shiru, muka ɗauki hanya ranar wata Juma'a da hantsi.

A nan za ka gano cewa lasinka na ƙaramar mota ba ya aiki. Giyar wannan mota ba ta shiga sai an roƙe ta. Tun kafin mu bar Suame na sa ta ta yi kukan da ya sa wani ɗan sanda toshe kunne.

"Cire hannunka," in ji Kawu. "Kai riƙe sitiyari, ka ba ni ido. Giya tawa ce."

Haka muka tafi. Shi ya karkata kai yana sauraron injin, hannunsa a kan sandar giya, yana ba da oda kamar a fareti. "Taka! Saki! Ba ta wuta! Taka!" Sai ka ji giya ta shige shiru kamar cokali a man ja. Ni kuma ina sanar da shi hanya: ga rami, ga akuya, ga gangara. Mutum biyu, direba ɗaya.

Gudunmu bai wuce na keke mai kyau ba. Da muka bar kwalta muka shiga siririyar hanyar gonakin koko, babu wurin wucewa, motoci suka jeru a bayanmu har tara. Mu a gaba, fitilu a kunne tsakar rana, muna tafiya a hankali. Kawu kuwa tsufa ya tsuke shi, daga ƙasa ko hularsa ba a hangowa. Wani mai babur ya kutsa ta gefe, ya ɗaga kai ya gan ni, ya cire hula ya dafa ƙirji, ya ƙara wuta ya yi gaba. Na ce wa Kawu, "Ka ga har girmama mu ake yi."

Mataki na takwas: Sauke shi da kanka

Tun daga gadar shiga gari muka fara jin kuka. Duk Adankrom ta san rantsuwar Kawu, duk Adankrom kuma ta san ni. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa Kwadwo zai gama gyaran mota mai ita na numfashi. Da mai babur ya ce ga motar Soja nan tafe da fitila da jerin gwano irin na rakiyar gawa, ba wanda ya tambayi ƙarin bayani.

Kafin mu kai ƙofar gida mata sun ɗaura ja da baƙi na makoki, an fara fito da kujeru, wani har ya ɗauko ganga. Uwata na gaba, hannu biyu a ka, an rirriƙe ta. Suka wuce ni suka yi bayan mota, suka leƙa. Babu akwati, sai buhun kayan Kawu da tsohuwar taya.

"Kwadwo!" Muryar Eno ta dushe. "Ina ka kai mini shi?"

Na sauko, na zagaya na buɗe ƙofar hagu, na ɗauko shi kamar yadda ake sauke yaro, na dire shi a ƙasa. Ya gyara zanensa a kafaɗa, ya buga sanda.

"Wa ya mutu?"

Rabin jama'a suka watse, mai ganga ya bar gangarsa. Eno ta tsaya, ta matso, ta taɓa fuskarsa, ta ja kunnensa. Sai ta kwance jan ɗankwalinta ta shiga dukansa da shi tana kuka. "Mugu! Mugun tsoho! Shekara goma sha ɗaya saboda ƙarfe!" Shi kuwa dariya yake yi har da tari, ya riƙe hannunta ya ƙi saki.

Da aka natsu ya ce kada a mayar da kujeru. "Tunda kun taru, ku ci gaba in ji. Wa ya fi kuka? Pokua, muryar waye can a baya kamar ana yanka akuya? Ku ba shi abin sha, ya yi ƙoƙari." Aka daka fufu, ya cinye kwanonsa tas, ya leƙa nawa.

Da la'asar na ce masa gobe zan mayar da mota Kumasi a duba fitilun nan.

"Bar ta nan ƙarƙashin mangwaro," in ji shi. "Duk Asabar ka zo ka tayar da ita, kada batir ya kwanta. Ka kai ta filin makaranta ka koyi sa giya."

"Haba Kawu, ga ka, me zan yi da giya?"

"Saura tafiya ɗaya, gajera ce, daga nan zuwa maƙabartar bayan coci. Ranar ba ni da hannun da zan ara maka. Kuma ba na so ka kunyata ni da wannan kukan giyar a gaban mutane."

Wanke hannu

Mai wannan rubutu ba makanike ba ne, bai taɓa cewa shi ne ba. Duk wanda ya bi matakan nan akwatinsa ya ƙone, ko matarsa ta kai ƙararsa, ko garinsu ya yi makokin mai rai, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ba ruwana da ɓeraye, ba ruwana da fitilar da ta ƙi mutuwa, Masta Oduro ma ya ce ba ruwansa. Haka nan in ka wayi gari duk Asabar kana rufe rumfarka a ranar da kasuwa ta fi ci, kana zagaya filin makaranta a tsohuwar mota, wani makahon tsoho na gefenka yana zagin ƙafarka ta hagu, kada ka neme ni. Ni ma wata na bakwai ke nan ina kan giya ta biyu. Na iya ta tun tuni, ban dai bari ya sani ba.